Akwatin Malam Danladi a Bakin Kogin Klang

Wata uku na yi a Kuala Lumpur kafin in san akwai kogi a garin. Ga ɗan masunta irina, wanda aka yanke wa cibiya a bakin ruwa gabas da Haɗeja, wannan abin kunya ne. Amma wanda ejan ya yi wa sakiyar da ba ruwa, ina ya ga ta yawon kallon kogi? Mutumin da ya nema mini makaranta ya turo mini hoton dogon gini da fili da bishiyoyi. Da na iso sai na tarar makarantar hawa ɗaya ce a saman shagon sayar da wayoyi, ɗakuna huɗu da kujerun roba. Na kira shi, ya ce, har da lah ɗin da mutanen ƙasar ke ƙarawa a magana, "Ka yi haƙuri lah, ana gyaran babban wurin ne." Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

Masaukina na farko a Cheras ne, hawa na goma sha huɗu, mu takwas a gida mai ɗaki biyu. Duk 'yan gida ne, amma kowa kansa na sunkuye a kan waya. Ka yi sallama, a amsa maka ba a ɗago ba. Ni da na saba in an fara gaisuwa sai an tambayi gajiya da iyali da ruwa da kifi, sai na ga a nan kalma biyu ta wadatar. A wannan gida na gane ana yin kaɗaici a tsakiyar mutane, kuma na ji ciwonsa ƙwarai.

Yunwa ce ta kai ni kasuwar Chow Kit. Ina tsaye a layin masu kifi ina kallo, wata tarwaɗa ta suɓuce daga kwando, na cafke ta ta bayan ƙaya ban bari ta soke ni ba. Mai kifin ya dube ni, ya miƙo mini wuƙa, ya ce, "Boleh?" Wato zan iya? Na ce boleh. Daga nan na zama mai gyaran kifi, daga safe zuwa la'asar, karatu kuma sai ranar da aka ga malami ya zo.

Shi mai kifin ne ya haɗa ni da wata dattijuwa 'yar'uwarsa da ke da ɗakin haya a wata tsohuwar unguwa kudu da gari. Makcik kowa ke ce mata, kamar yadda mu za mu ce Gwaggo. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Gidanta na katako ne a kan dogayen ƙafafu, ita tana sama. Ƙarƙashin gidan, inda dā fili ne, aka zagaye da bulo aka fitar da ɗaki, shi ta ba ni. Gidajen unguwar kusan duk haka suke tsaye a kan ƙafafu. Ban tambayi dalili ba, na ɗauka gudun macizai ne.

Taku arba'in daga ƙofata, ga kogin Klang. Ranar da na fara ganinsa sai da na yi dariya. An ɗaure shi da kankare hagu da dama, ruwan jawur kamar shayin da aka tsuga wa madara, robobi na bin sa. Na ce a raina, wannan ai kwata ce da ta samu ƙarin girma. Duk da haka shi ya zama abokin zamana. In na dawo daga kasuwa sai in zauna a bakinsa har magariba. Akwai guza da ya kusa tsawon mutum, yana iyo kansa a sama kamar mai unguwa na zagayen gari. Akwai wani baƙin kifi mai sulke da ke manne da kankare, ba mai cin sa. Wata rana karnukan ruwa suka wuce su bakwai, iyaye da 'ya'ya, suna ta tsiwa. Amma balbela ce ta fi karya mini zuciya, don irin tamu ce sak. Na zauna ina kallonta har na ji hawaye, ni da gemuna.

A tsakiyar gari na haɗu da Malam Danladi. Wata Juma'a ce, mun fito daga Masjid Jamek, na tsaya a kan gada ina kallon inda kogin Gombak ya shigo ya haɗu da Klang a gaban masallacin. Ban san na yi magana a fili ba, ashe na ce, "Ikon Allah." Sai na ji an ce a bayana, "Sai kallo. Ɗan'uwa, daga ina?"

Mutum ne mai furfura, zai yi shekara hamsin, da littafi a hannu. Mutumin Jos ne, Kirista, malamin tarihi, ya zo yin digirin dakta a kan haƙar kuza. Ya ja ni shagon mamak, inda ake shan shayi da roti, wata irin gurasa, muka zauna har la'asar ta kusa wucewa. Rabona da doguwar hira da Hausa tun a gida.

"Ka ga inda ka tsaya ɗin nan?" in ji shi. "Kuza ne ya haifi garin nan, same thing da Jos. Masu haƙa sun taso daga bakin teku a jiragen ruwa, suna turawa da gora. Da suka iso mahaɗar nan, jirgi ya ƙi gaba, sai suka sauke kaya. Shi ke nan gari ya zauna. Tun lokacin kuma kogin yakan shigo gari ya duba abin da aka gina masa."

Da ya ji ni ɗan masunta ne, sai ya raɗa mini Sarkin Ruwa. Duk Lahadi in ya tashi daga coci sai ya zo unguwarmu da shinkafa ƙunshi biyu, tapau kamar yadda suke cewa, mu zauna a bakin kogi mu ci. Ni da ba ni da kowa a ƙasar nan, sai ga shi ina da ranar da nake jira a mako.

Wata Lahadi ya ce mu bi kogin mu ga ƙarshensa. Muka hau jirgin ƙasa har tashar jiragen ruwa ta Klang. Can kogin ya buɗe, ya yi faɗi, ba kankare, sai taɓo da bishiyoyi masu saiwa a waje suna tsaye cikin ruwan gishiri. Na ga ƙananan kifaye na tafiya a kan taɓo da ƙirjinsu. Wani mai jirgi ya ce mana kada mu matsa, akwai kada. Muna tsaye sai na lura wata roba da ta wuce mu ɗazu tana dawowa. Teku ce ta cika ta turo kogin baya. Ban taɓa ganin kogi na tafiya da baya ba.

"Sarkin Ruwa," in ji Malam Danladi, "wannan fa ba irin naka ba ne."

Na ce, "Malam, ruwa ai ruwa ne."

A jirgin dawowa ya ba ni labarin mahaifiyarsa. Tun tana yarinya take wankin kuza a tafkunan Jos, da kwano a ka. Lokacin yana sabon malami ya zaunar da ita ya ɗauki muryarta a kaset, guda goma sha ɗaya. Labarin aikin, sunayen matan da suka yi tare, waƙoƙin da suke yi in kwano ya yi nauyi. Daga baya ciwon shanyewar jiki ya ɗauke mata magana, shekara takwas ke nan ba ta ce uffan ba. Kaset ɗin suna nan tare da shi a ɗakin da yake haya a Cheras. Na ce me ya sa bai juye su a kwamfuta ba. Ya ce yana ta niyya, bai dai samu wanda zuciyarsa ta yarda ya miƙa wa ba.

Ƙarshen shekara, lokacin da ruwan sama ya fi yawa a can, sai ga shi wata Talata da safe a tasi, da wani tsohon akwatin ƙarfe. Idanunsa sun yi ja.

"Mama ta tafi, Isiyaku. Jirgina yau ne."

Na yi masa ta'aziyya. Ya ce wa'adin ɗakinsa ya cika, mai gida ya ce ya kwashe kaya. Tufafi da littattafai ya raba wa mutanen cocinsu, amma akwatin nan wurina ya kawo. Rubuce-rubucensa ne a ciki, da kaset ɗin.

"Malam, me zai hana ka tafi da su?"

"Ba zan iya ɗaukar muryarta a jaka in je in binne ta ba. Ba zan iya ba. Wata ɗaya ne kawai. Kai na yarda da kai."

Na karɓi akwatin da hannu biyu, na ɗora shi a kan bulo huɗu a ƙuryar ɗaki, na sayo sabon kwaɗo mai ƙarfi na sa wa ƙofa.

Kwana tara da tafiyarsa, sama ta yi kwana biyu tana yayyafi ba ta ɗauke ba. Da safe Makcik ta sauko ta tsaya a ƙofata. Da Malay da ɗan Turanci da hannu take mini magana, na kuma gane ta sarai.

"Ishak, akwatin nan, a hau da shi sama wurina. Ruwa na zuwa."

Na yi mata godiya, na ƙi. Dalilina biyu ne, kuma a lokacin duk na ga masu kyau ne. Na farko, a gidanmu an hore mu cewa amana ba ta wuce hannun da aka ba. Mahaifina ko komar wani aka bar masa ba ya yarda ƙaninsa ya taɓa. Ga kuma nauyin in hau ɗakin matar mutane, ko da tsohuwa ce. Na biyu, ni na san ruwa. A garinmu ambaliya ba ta zuwa ba sallama. In an saki ruwa daga madatsa can sama, za mu ji ya wuce Wudil, mu ji ya iso Ringim, mu samu kwanaki muna cika buhuna muna ɗaga jinga. Kowane magidanci yana kafa kara a bakin ruwa, ya yi masa tsaga, safe da yamma ya je ya auna da yatsu. Daga yawan yatsun zai gaya maka ranar da ruwa zai taɓa dangarsa, kuma da wuya ya kuskure.

Ni ma tun daren jiya na kafa gora a inda kankaren ya fashe. Na ja Makcik har wurin na nuna mata. Yatsu huɗu kacal ya hau, ga gaɓar kuwa ta fi tsayin mutum biyu. Na ɗaga mata yatsu uku, na ce ko zai zo, sai nan da kwana uku.

"Sini lain, Ishak," ta ce. Nan daban ne.

Na yi murmushin da mai sani ke yi wa wanda bai sani ba, na datse kwaɗona, na sa makulli a aljihu na tafi kasuwa.

Da azahar sama ta ɓalle. Rufin kasuwar na ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Wayata na cikin jaka a rataye jikin ƙusa, hannuna cikin kifi. Sai bayan la'asar na duba, na ga kiran Makcik tara. Abin da ban sani ba, kogin nan gajere ne, daga duwatsun da ke bayan gari yake gangarowa, kuma duk ruwan da ya sauka a kan kwalta da rufin gari cikinsa yake zubawa a lokaci ɗaya. Abin da namu ke yi a mako, shi a awa ɗaya yake yi. Baƙo makahon gari ne, ni kuwa makahon da ke ja wa mai ido gora.

Bas-bas sun daina tafiya. Da ƙafa na ƙarasa, ina gudu ina tafiya. Kafin in kai layinmu ruwa ya kai mini ƙirji. Maza sun ɗaura igiya daga wannan fal ɗin wuta zuwa wancan suna fitar da tsofaffi. Na saki igiyar na yi iyo, wannan kam na iya. Ƙofar ɗakina saura taki ɗaya ta nutse. Na nutsa na lalubo kwaɗon na buɗe, amma ƙofar ta ƙi motsi, ruwa ya danne ta. Sau huɗu ina nutsewa. Makcik na ta kiran sunana daga taga, har wani maƙwabci ya kamo rigata ya tura ni kan matakala.

Haka na shiga ɗakin da na ce nauyi ya hana ni shiga, ina ɗigar da ruwan kwata a kan tabarmarta. Ta ba ni zanen marigayi mijinta na ɗaura, ta haɗa mini shayi. Ta ce ita da maƙwabcin sun yi ƙoƙarin fasa kwaɗon, kafin a samo guduma ruwa ya kai ƙugu. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa, da na fi samun sauƙi.

Washegari ruwan ya tafi kamar bai zo ba, sai taɓo har ƙauri. A garinmu ambaliya takan yi makonni a kwance. Na buɗe akwatin. Takardun sun zama ƙullu. Kaset ɗin goma sha ɗaya suna nan, taɓo ya cika su. Rana kuma ta fito tarwai, irin wadda ba mu gani ba kwana da kwanaki.

Na yi abin da duk ɗan masunci zai yi. Abin da ya jiƙe shanya shi ake yi, koma ce, hatsi ne, kifi ne. Na samo ƙaramin sukundireba na kwance kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, na zaro zaren a hankali, na hau rufin kwanon kicin ɗin Makcik na shimfiɗa su layi layi, na danne bakinsu da tsakuwa. Har daɗi na ji, na ce Allah ya taimake ni da rana. Na sauko na kama kwashe taɓo daga ɗaki. Da na koma bayan azahar, zaren duk ya nannaɗe ya ƙanƙance, wani ya manne da kwano. Na taɓa ɗaya, sai jan abin da ke jikinsa ya biyo yatsana.

Na tattara su a leda na kai wa wani tsohon ɗan Sin mai gyaran rediyo a bayan Chow Kit. Ya sa tabarau, ya ɗaga zare ɗaya ya duba a haske.

"Wa ya sa su a rana?"

Na ce ni ne.

"Da ka kawo su yadda suke, da taɓonsu, a jiƙe, da na wanke su da ruwa mai tsabta na busar a inuwa. Da yawansu za su yi magana. Ruwa ba ya kashe kaset da wuri. Zafi ne ke kashe shi." Ya tura mini ledar. "Ba abin da zan iya."

Na fito na tsaya a bakin titi, mutane na bangazata suna wucewa. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Mako uku suka rage Malam Danladi ya dawo. Ya turo saƙo: "Sarkin Ruwa, na ga ruwa a labarai. Kana lafiya?" Na rubuta, "Lafiya lau, Malam." Ban ƙara komai ba, shi ma bai tambayi akwati ba, don bai ga dalilin tambaya ba. A makonnin nan shaiɗan ya yi ta ba ni shawara mai sauƙi. In zubar da ledar, in ce kogi ya ci. Duk unguwa shaida ce an yi ambaliya. Makcik ba za ta faɗa ba, mai rediyo bai san shi ba. Sau biyu ina zuwa bakin kogin da ledar a hannu, ina dawowa da ita.

Ya zo ranar Lahadi, ya rame, da ƙunshin shinkafa biyu da ledar tsaraba, daddawa da kuka da ya tuna na taɓa cewa ina marmari. Ya ga layin taɓo a jikin bango sama da kansa, ya tsaya. Na ce ya zauna. Na ajiye akwatin a gabansa, na gaya masa komai. Gargaɗin Makcik, gorar da na kafa, kwaɗon, rufin kwano, maganar mai rediyo. Ban rage ko ɗaya ba.

Ya buɗe ledar ya sa hannu, ya ɗago zaren ya riƙe a tafinsa.

"Wato ruwan bai gama da su ba," ya ce.

"Bai gama ba, Malam. Ni ne."

"Da ka bar ni da kogin, Isiyaku. Kogi zan iya zaginsa."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa, don ba mutumin ƙarya ba ne. Ya mayar da zaren cikin leda, ya sa a akwati ya rufe. Shinkafar ba wanda ya buɗe. Na ce bari in taya shi kai akwatin tashar bas, bai hana ni ba. Ya kama hannu ɗaya na kama ɗaya, muka bi layin muna tsallake katifu da kujerun da mutane suka fitar waje.

A tasha muka ajiye akwatin tsakaninmu. Yana kallon titi ya fara magana, ba ni yake kallo ba.

"Ka san a wurin jana'iza ni kaɗai ne ban yi kuka ba? Ƙannena mata suna ta faɗuwa. Na ce musu ku yi shiru, Mama na nan a ajiye, kaset goma sha ɗaya. Na ce in na koma zan juye, kowa ya samu nasa. Autarmu ta ce ita ta ma manta yadda muryar take. Ƙananan jikoki kuwa ba su taɓa ji ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Jiya ma autar ta kira tana tambayar kaset ɗin."

Bas ta iso. Na ɗaga masa akwatin har ciki, na sauko. Ya zauna a bakin taga ya ciro wayarsa, ya tsura mata ido. Bas ɗin ta tashi yana kai wayar kunne, na san autarsu yake kira.

Bai sake zuwa ranar Lahadi ba, ni kuma ban ga fuskar da zan neme shi da ita ba. Na ƙara shekara biyu a ƙasar. Duk Lahadi da azahar sai in ji kunnena na sauraron takun mutum a layi, har na baro garin ban daina ba.